Faifan Harvest na Neil Young a kan garmaho

Wata uku ke nan da wani ɗan'uwana ya zo min da faifan Harvest daga Ingila, na hannu ne, kwalin ma ya sha jiki amma faifan kansa lafiya lau. A 1972 Neil Young, mawaƙi ɗan asalin Kanada, ya fitar da shi, kuma na daɗe ina jin waƙoƙin a waya, sai da na ɗora allura a kan wannan na gane ashe rabin abin nake ji.

Waƙar farko, Out on the Weekend, a hankali take tafiya, dukan gangar a bushe yake ba amsa-kuwwa, kana jin sa a ƙirji kamar makaɗin yana zaune nan falo tare da kai. Muryar mutumin siririya ce, a waya har takan soki kunne, amma a nan ta yi taushi wallahi.

Abin da ya fi kama ni shi ne kunne na iya bambance wuraren da aka ɗauki waƙoƙin. Heart of Gold da Old Man a situdiyo aka yi su a birnin Nashville na Amurka, komai tsaf a tsuke, har muryoyin masu yi masa amshi, Linda Ronstadt da James Taylor, kana jin su can baya daban. Alabama da Words kuwa a wani babban ɗakin ajiya na gonarsa aka ɗauka a Kalifoniya, to sai ka ji jitar lantarki tana yawo a ɗakin tana dawowa, sautin ya buɗe ya yi kaushi, ni dai nan ne nake ƙara murya. The Needle and the Damage Done a gaban jama'a ya rera, shi da jitarsa kawai, ana cikin tafi sai Words ta faɗo.

Inda ban ji daɗi ba, waƙoƙi biyun da ƙungiyar makaɗan London Symphony ta raka shi, in kiɗan ya yi sama sai ya cunkushe a nawa faifan. Words ma da yake ita ce ta ƙarshe, allura ta matso tsakiya, akwai ɗan karcewa a muryar. Ga ƙurar hunturu, in ban goge faifan ba kafin in sa, ƙaras-ƙaras ɗin yakan rufe jitar Old Man tun daga farko, shi ya sa yanzu burushi yana nan gefen garmahon kullum, faifan kuma a tsaye nake ajiye shi nesa da taga kada zafi ya lanƙwasa shi.