Kafin Ka Ɗauko Mai Kula da Tsohonka a Gida

Yawancin tsofaffi ba sa son barin ɗakinsu, kuma suna da gaskiya. Sun san inda makunnin fitila yake ko a duhu, sun san taku nawa ne daga gado zuwa banɗaki, wannan sabon kaɗai yana rage musu ruɗewa. Sai dai 'ya'ya suna wurin aiki, wasu ma suna wata ƙasa, tsofaffin kuma sai ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya haura. To wa za a ɗauko ya kula da su?

Kafin ka fara neman mutum, zauna ka rubuta abin da Baba ko Mama ba sa iya yi da kansu. Likitoci suna da ma'aunin da wani likita ɗan Amurka, Sidney Katz, ya fitar a 1963, abubuwa shida ne: wanka, sa tufafi, shiga banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, sai cin abinci. Wanda yake yin duka shidan, girki da cefane da lissafin magani ne kawai suka gagare shi, taimakon sa'o'i kaɗan ya ishe shi. Wanda uku ko huɗu suka fi ƙarfinsa, maganar ta koma ta yini guda, wataƙila har da dare. Idan kuwa akwai bututun fitsari, ko miki mai zurfi da ake wankewa, ko allurai, wannan aikin nas ne mai lasisi. Kada wani ya ce maka "ai na saba" ka sakar masa.

Gidan kula da tsofaffi yana da ranarsa, musamman ga wanda ciwon mantuwa ya kai shi fita cikin dare bai san inda ya nufa ba, amma mu maganar zama a gida muke yi. Na'urori irin su maɓallin kiran gaggawa da ake ratayawa a wuya suna sanar da kai an faɗi, ba sa ɗaga wanda ya faɗi. Ɗan'uwan da ya ce zai ɗauki nauyin shi kaɗai kuma kyauta, Allah ya saka masa, amma gajiya za ta cim masa, kuma ranar da ya yi sakaci ba ka da bakin yi masa faɗa.

Manyan kamfanonin samar da masu jinya suna da abu ɗaya da ba a raina shi: idan ma'aikaciya ta kwanta ciwo, suna turo wata. Sai dai abin da ya sa suke iya hakan shi ne kuma aibinsu. Yau wannan fuska, gobe waccan, kowacce ta shigo a gurguje tana duba agogo domin akwai wani gida da ke jiranta. Dattijuwar da ta shekara saba'in ba wanda ya ga tsiraicinta, a ce kowane mako baƙuwa ce za ta yi mata wanka? Da yawa sai su ce ba sa son wankan, a ɗauka rigimar tsufa ce. Mai kula da ke kwana a gidan ta fi wannan, amma mutane suna mantawa cewa ita ma mutum ce. Yarjejeniya mai lamba 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 2011, ta tanadi hutun aƙalla sa'o'i 24 a jere kowane mako ga ma'aikatan gida. Wadda aka tasa sau huɗu cikin dare ita ce za ta musanya ƙwayar safe da ta dare.

Abin da ni nake so, ba kuma na ɓoyewa, shi ne mutum ɗaya tsayayye da ke zuwa kullum a lokaci sananne, tare da mutum na biyu da tsohon ya riga ya sani, wanda zai riƙe ranakun hutu. Ko kai ka ɗauke ta kai tsaye, ko ta hannun ƙaramin kamfani da ya rubuta maka sunanta a takarda, duk ɗaya ne a wurina. Dalilina ido ne. Wadda take ganin Mama kullum ita ce za ta lura yau maganarta ba ta haɗuwa kamar jiya, kuma ruɗewar farat ɗaya a jikin tsoho sau da yawa alamar ciwo ce, kamar cutar mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki, ba tsufa ba. Ita za ta ga fatar dunduniya ko ta ƙasan baya ta sauya launi, ta san gyambon kwanciya ne yake sallama, ta ƙara yawan juya ta a gado tun abin bai fashe ba. Ita za ta gane baki ya ɗan karkace, hannu ɗaya ya saki, ta kira asibiti nan take domin shanyewar ɓarin jiki ba ta jira. Baƙuwar da ta zo yau ba ta da jiya da za ta gwada da ita.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuyar samu: haƙurin barin tsoho ya yi da kansa. Ya fi sauri ka sa masa riga a minti ɗaya da ka tsaya ya ɓalla maɓallai a minti goma. Amma duk abin da aka karɓe masa yau, gobe hannunsa ya manta shi, ƙafar da ba ta tafiya kuma ƙarfinta zubewa yake yi. Daga nan sai faɗuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Mai kula ta ƙwarai tana tsayawa a gefe, hannunta a shirye, bakinta a rufe.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka a yi ganawar a gidan, tsohon yana zaune. Duba wa ta fara gaisarwa, shi ko kai mai biya. Ka tambaye ta: "Idan kika shigo kika tarar da Mama a ƙasa, me za ki fara yi?" Wadda ta ce za ta ɗaga ta maza-maza ta faɗi jarrabawa, domin sai an duba ko tana cikin hayyacinta, ko kai ya bugu, ko ƙugu ya karye. Ka sa ta taimaka wa Baba ya tashi daga kujera a gabanka. Mai fizgar hannu ko ɗagawa ta hammata ba a koya mata ba. Sannan a yi gwaji na mako biyu da cikakken biya, ka riƙa faɗowa gidan ba sanarwa.

Yanzu ga inda nake da tabo. Wani kamfani ya taɓa kawo mana mace mai hankali da gogewa ranar ganawa, da aka fara aiki sai ga wata yarinya daban da ba ta taɓa riƙe mara lafiya ba. Lambobin wayar "gidajen da ta yi aiki" kuwa na ƙawayenta ne. Tun daga nan ba na karɓar shaida a baki. Idan an ba ka lamba, ka tambayi mai amsawa wane ciwo tsohonsu yake da shi, wane magani yake sha, me ya sa aikin ya ƙare. Ƙawar da aka shirya tana iya yabo, ba ta iya wannan. Takardar shaida ta bogi ba ta da wuyar bugawa a kwamfuta, don haka ka nemo lambar makarantar da kanka ka kira. Wadda ta ce ita nas ce, karɓi lambar lasisinta ka tantance a hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya. Ka riƙe kwafin katin shaidarta, ka san inda take kwana, inda kuma ake bayar da takardar 'yan sanda ta rashin laifi, ka nema. Kamfanin da a Facebook ko WhatsApp kaɗai yake, ba ofis, yana kuma gaggawar ka tura kuɗin rajista kafin ka ga kowa, ɗan damfara ne har sai ya nuna akasin haka. Mai farashin da ya yi ƙasa da na kowa ma abin tsoro ne, araha ba ta ado.

Cutarwar da ta fi muni bayan an saba take zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin jama'a ya gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, cin dukiya kuma yana ciki. Katin banki da lambar sirri ba sa shiga hannun mai kula, komai kirkinta. A ba ta kuɗin cefane ƙayyadadde, ta kawo rasit. Ka sa banki ya riƙa turo maka saƙon duk abin da ya fita. Ka yi hattara idan duk lokacin da ka kira aka ce "tana barci", ko 'yan dubiya suka fara komawa daga ƙofa, ko aka fara jin maganar kyauta da sauya wasiyya. Akwai masu ba tsoho maganin barcin da likita bai rubuta ba don su huta, akwai masu sayar da ƙwayoyinsa masu tsada. Ƙirga ƙwayoyin duk mako, ka gwada da littafin da take rubuta lokacin shan kowanne.

Adalci kuma ya shafe ta. Mai ciwon mantuwa yana iya ajiye zobe a ƙarƙashin katifa ya rantse an sace, shi ya sa rubuta kayan daraja tun ranar farko yake kare mai gaskiya kamar yadda yake kama ɓarawo. Idan za ka sa kyamara, tsohon ya yarda, ita ma ta sani, ba a kuma sa ta a banɗaki. Sa'o'in aiki, ranar hutu, ranar biya, ayyukan da ba nata ba kamar wankin mutanen gida duka, da kwana nawa za a sanar kafin a rabu, duk a rubuta su a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.