Wata biyar da azola: abin da mai tallar bai faɗa ba

Tsadar abincin kaji ce ta kai ni ga azola, wani ɗan tsiro mai yaɗuwa a saman ruwa da ake ba kaji. A Facebook na ga wani yana tallarta, wai za ta rage min kuɗin abinci da rabi. Na saya, aka sako min leda biyu a motar Argungu. Ina kwancewa Inna ta leƙo ta ce, "Kai da ke kwana bakin gulbi, kainuwa za ka saya da kuɗinka?"

Ba kainuwa ba ce. Ganyenta mitsi-mitsi ne, ba ta fure, karyewa take yi ta bazu a kan ruwa. A cikin ganyen akwai wata ƙwayar halitta, Anabaena, mai janyo naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata, daga iska, shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka yi ɗaruruwan shekaru suna takin gona da ita.

A watan Nuwamba na haƙa rami marar zurfi, na shimfiɗa tampol, na zuba tankaɗaɗɗiyar ƙasa da jiƙaƙƙen kashin shanu da ɗan takin zamani na SSP, ruwa kamar santimita 15. Kafin kwana goma ba ka ganin ruwan. A nan kam mai tallar bai yi ƙarya ba. Kullum da safe in kwasa da rariya, in wanke ta sosai, don in da sauran warin kashin shanu kaji ko kallonta ba sa yi. Agwagi tun ranar farko suka far mata. Kajin sai da na riƙa cuɗa musu da dusar shinkafa wajen mako guda kafin su saba, daga baya kuma na lura kwanduwar ƙwansu ta ƙara ja. Kifin karfasa ma yana cinta, tarwada kuwa ko oho.

Maganar rabin kuɗi fa? Ina! Furotin ɗin da ake kururutawa, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, na busasshiya ne. Ɗanyar fiye da kashi 90 ruwa ce. Na shanya baho guda, abin da na kwashe bai cika kwano ba. Buhun abinci ya ɗan ƙara kwana, amma ban daina saye ba.

Sai bazara ta shigo. Tsiron da ya fi son zafin digiri 20 zuwa 30, ga shi a Kabi cikin Maris, ramina kuma a tsakiyar rana. Ta yi ja, ta koma ruwan ƙasa, ta fara nutsewa. Ko sau ɗaya mutumin bai ambaci inuwa ba, da na tura masa hoto kuma shiru. Sai da na kafa rumfar zana, ina ƙara ruwan rijiya da yamma, sannan kusurwa ɗaya ta farfaɗo.

Daga ita na ɗebi iri na ajiye a baho ƙarƙashin darbejiya. Inna, mai cewa kainuwa ce, yanzu ita ke riga ni kwasa wa agwaginta.