Sharhi: Ɗaukar lauya don fitar da ɗan haya daga gida ko shago

Na yi aiki da wani ofishin lauyoyi da suka ƙware wajen karɓo wa masu gidaje da shaguna wurarensu daga hannun 'yan haya, kuma ra'ayina a kansu ya rabu biyu. Daga rubuta notis, wato takardar wa'adin da ake ba ɗan haya ya biya ko ya tashi, zuwa shigar da ƙara ba ni da abin kushewa. Amma da zarar alƙali ya yanke hukunci sai jikinsu ya yi sanyi, alhali a nan ne mai gida ya fi bukatar wanda zai tsaya masa.

Ba sa rubuta ko layi ɗaya sai sun ga takardu: shaidar mallaka, yarjejeniyar haya, rasit, lissafin abin da aka biya da wanda ya rage wata bayan wata, da duk saƙonnin waya da aka yi kan bashin. Idan wakili ne ya zo, sai ya kawo takardar wakilci. Mai gidan da ya shigo a fusace zai ga kamar ana ja masa rai, amma ina tare da su a nan. Ƙarar fitar da ɗan haya takan rushe ne a kan kuskuren takarda ko da kuwa bashin gaskiya ne, kuma idan ta rushe sai a koma farko, ɗan haya yana zaune, bashi yana ƙaruwa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin da suka fi tsanantawa a kai shi ne sunaye. Idan gidan gado ne, sai a tantance wanda doka ta ba hurumin magana a madadin magada, domin notis daga hannun wanda ba shi da wannan hurumi aikin banza ne. Idan kamfani ne ya kama hayar, sunan da aka yi masa rajista da shi za a rubuta, ba wanda ke jikin allon shago ba, ba kuma sunan manaja ba. Haka adireshi: lambar gida, hawa na nawa, ɗaki ko shago mai lamba nawa.

Sai tsawon wa'adi, wanda dokar wurin da ginin yake da kuma irin hayar ke ƙayyadewa. Bambancin ba kaɗan ba ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya ƙi biya kwana 3 ake ba shi ya biya ko ya tashi, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutun kotu. A jihar New York kwana 14 ne tun 2019. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan shekara wata 6, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, sannan bayan wa'adin ya cika a sake ba shi takardar kwana 7 ta sanar da niyyar zuwa kotu. Shi ya sa notis ɗin da aka kwafo daga intanet yake da haɗari, don mai yiwuwa an rubuta shi ne bisa dokar wata ƙasa. Lauyoyin nan ba sa sa ranar miƙa takarda cikin ƙirga, kuma sukan ƙara 'yan kwanaki a kan wa'adin da gangan. Wa'adin da ya ɗan zarce galibi ba ya cutar da ƙara, wanda ya gaza da kwana ɗaya kuwa yana iya kashe ta.

Adadin kuɗin da za a rubuta ma sai an yi hattara. Mai gida yakan so a haɗa kuɗin haya da na wuta da na gyaran famfo da tarar jinkiri a dunƙule. Su kan ƙi, su rubuta kuɗin haya zalla, wata kaza zuwa wata kaza, sauran a neme shi daban. A wurare irin su Kalifoniya, ƙara wani abu a kan ainihin kuɗin haya cikin notis ya isa ya ɓata shi.

Inda na fi yaba musu shi ne miƙa takarda, domin kalmar farko da ɗan haya kan faɗa a gaban alƙali ita ce bai ga komai ba. Ana buga kwafi biyu, ya karɓi ɗaya, ya sa hannu a ɗayan da kwanan wata da lokaci. Idan ya ƙi karɓa ko ya riƙa ɓuya, kuma doka ta yarda a manna, sai a manna a ƙofar shiga, a ɗauki hoto biyu: ɗaya daga kusa yadda rubutun zai karantu, ɗaya daga nesa yadda lambar gidan za ta fito tare da takardar. Wanda ya kai ta ya rubuta takardar rantsuwa a ranar, tun bai manta ba ko wa ya tarar, ko ƙarfe nawa ne. Ba sa barin mai gida ya kai da kansa, don a samu shaidan da ba shi da hannu a rigimar.

Gargaɗi biyu suke ba kowa a rubuce, kuma duk biyun sun cancanci a bi su. Na farko, kada a karɓi ko sisi daga ɗan haya bayan an ba shi notis sai an tambayi lauya. A dokoki da yawa karɓar kuɗin haya na lokacin da ke bayan notis yana nuna an yafe laifin ko an sabunta hayar, kuma kuɗin da aka turo ta banki cikin dare ma yana iya shiga wannan lissafi idan aka yi shiru a kansa. Na biyu, kada mai gida ya ɗauki doka a hannunsa: sauya kwaɗo, yanke wuta ko ruwa, cire ƙofa ko rufi, watso kaya waje, turo ƙarti. Wannan yakan juya shari'a gaba ɗaya, mai bin bashi ya koma mai biyan diyya. A Ingila, dokar 1977 ta mai da korar mazaunin gida ba bisa ƙa'ida ba laifin da ake hukunta mutum a kansa.

Sun kuma san cewa gida daban, shago daban. A gidan zama kotu takan duba halin mutanen da ke ciki. Dokar Afirka ta Kudu ta 1998 ta wajabta wa alƙali ya yi la'akari da yara da tsofaffi da naƙasassu kafin ya ba da umarni, kuma ba ta shafi wuraren kasuwanci ba. A Faransa ba a fitar da mazaunin gida daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, sai a wasu yanayi ƙalilan. A shago kuwa yarjejeniya ce kan gaba, don haka suna karanta ta sakin layi bayan sakin layi: sharaɗin soke haya, damar gyara laifi kafin a soke, wanda ya tsaya wa kamfanin, ko an yarda ya ba wani haya a ƙarƙashinsa, da makomar kantoci da na'urorin da ya kafa. Kada a ɗauka ɗan kasuwa ba shi da kariya. Dokar Ingila ta 1954 ta ba shi haƙƙin sabunta haya, ta sa notis ɗin mai gida ya kasance tsakanin wata 6 zuwa 12, da diyya idan don rushe ginin ko amfanin kansa mai gida ya ƙi sabuntawa.

Kafin a shiga kotu sukan kawo shawarar sulhu, a yafe wani ɓangare na bashi a kan ranar tashi tabbatacciya. Ina ganin shawara ce mai kyau, muddin aka rubuta ta aka kai kotu ta amince da ita a matsayin hukunci. Sulhun baka ba ya hana komai.

Yanzu ga inda suka gaza. Labarin ɗage zama ba ya zuwa sai an bi su da waya, kuma lauyan da ya karɓi bayani ba lallai shi ne zai tsaya a kotu ba. Kuɗin aikin da suka faɗa da farko ya tsaya ne a ranar hukunci. Neman takardar zartar da hukunci, kuɗin jami'an kotu, mai sauya makulli, motar kwashe kaya, da kare hukuncin idan an ɗaukaka ƙara, duk lissafi ne sabo da ba a ambata ba. Sannan ba su fito fili sun bayyana cewa karɓo gida abu ɗaya ne, karɓo bashi wani abu ne daban ba. Hukuncin kuɗi ba ya biyan kansa, sai an gano asusu ko albashi ko kadarar da kotu za ta iya kamawa, kuma wannan aikin ba su nuna ɗokinsa ba.

Duk wanda zai ɗauki irin wannan ofishi ya nemi a rubuta masa waɗannan tun kafin ya sa hannu: sunan lauyan da zai riƙe ƙarar, saƙo bayan kowane zama, da farashin kowane mataki har zuwa miƙa makulli. Ya kuma sa sharaɗin cewa wani daga ofishin zai halarci ranar fitarwa tare da jami'an kotu, a karanta mita, a ɗauki bidiyon kowane ɗaki, a rubuta jerin kayan da aka bari, shaidu su sa hannu. Kayan nan har yanzu na ɗan haya ne, kuma dokoki da yawa sun sa a ajiye su na wani lokaci tare da sanar da shi kafin a sayar ko a zubar, don haka lauyan ya faɗi tsawon lokacin da inda za a ajiye su tun kafin mota ta iso.