VS Code a hannun mai gina shafuka: ƙofar da aka buɗe da wadda aka bari a rufe

Sana'ata gina shafukan intanet ce, kuma tun 2017 babu manhajar da ta kai Visual Studio Code (VS Code a taƙaice), manhajar rubuta kod ta Microsoft, cin lokacina. Da shi nake fara aiki da safe, shi nake rufewa a ƙarshe da dare. Kwanaki wani ƙanina a sana'a, wanda bai daɗe da fara koyo ba, ya tambaye ni ko ya sauke shi ko ya nemi wani. Ya ƙara da cewa ya ji an ce buɗaɗɗiyar manhaja ce, ta kowa da kowa. Na ce masa ya sauke kansa tsaye, amma maganar "ta kowa da kowa" sai mun zauna. Abin da na gaya masa a zaman shi nake so in shimfiɗa a nan.

Da farko ban sake jiki da shi ba. Duk wanda ya san tarihin sana'ar nan ya san yadda Internet Explorer 6, wanda ya fito a 2001, ya sa magina shafuka suna rubuta abu ɗaya sau biyu, ɗaya bisa ƙa'idar da aka yarda da ita, ɗaya don burauzar Microsoft kaɗai. A shekarar ce kuma Steve Ballmer, shugaban kamfanin na lokacin, ya kwatanta Linux da cutar kansa. Don haka da Microsoft ya sanar da VS Code a Afrilun 2015, sannan a Nuwamban shekarar ya zuba kod ɗinsa a GitHub, shafin ajiye kod, ƙarƙashin lasisin MIT mai ba kowa damar ɗauka ya sauya, da yawanmu daga nesa muka tsaya muna kallo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Aikin ne ya jawo ni. Na buɗe wani babban aiki mai dubban fayiloli, na rubuta sunan wani abu da nake nema, kafin in ɗaga yatsa daga madannai sakamako ya jeru. In na ɗora kan wani suna a cikin kod ɗin TypeScript na danna F2 na sauya shi, sai ya sauya a duk fayil ɗin da sunan ya bayyana, ba tare da ya taɓa wata kalma mai kama da shi ba. Ctrl da P suna kai ni kowane fayil da haruffa uku ko huɗu na sunansa. In ina rubuta HTML na buga ul>li*5 na danna Tab, jeri mai layi biyar ya fito cif. Gyaran da na yi tun safe yana nuna mini shi gefe da gefe, tsohon a hagu, sabon a dama, kafin in tura. Tagar umarni tana nan a ƙasa, ba sai na bar wurin ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma sau ɗari ake yin su a rana.

Daga baya na gano cewa yawancin abin da ke burge ni, a ƙarƙashinsa aikin wasu ne da ba a Microsoft suka fara shi ba. Saurin binciken nan na ripgrep ne, wata ƙaramar manhaja da Andrew Gallant ya rubuta da harshen Rust ya sake ta ga kowa. Dabarar ul>li*5 ta Emmet ce. Git kuwa, wanda ke riƙe tarihin gyare-gyaren da nake gani gefe da gefe, Linus Torvalds ne ya fara shi a 2005, wato mai Linux ɗin da aka kira cuta. Tagar umarnin xterm.js ce, kuma a nan ne na fara ganin haɗin kai na gaske: injiniyan tawagar VS Code ya daɗe cikin manyan masu kula da ita, gyaran da ake yi mata saboda VS Code yana isa ga wasu manhajoji irin su JupyterLab da ke amfani da ita, ba tare da sun roƙi kowa ba.

Gangar jikin ma aro ce. VS Code a kan Electron yake zaune, shi kuma Electron haɗin Chromium ne da Node.js. Chromium aikin burauza ne da Google ke jagoranta, injinsa Blink ya ɓalle daga WebKit na Apple a 2013, WebKit kuma daga KHTML na al'ummar KDE ya samo asali. Ma'ana, tagar da nake rubutu a cikinta shafin intanet ne da aka sa wa rigar manhaja, kuma kakansa aikin 'yan sa-kai ne. Wannan aron yana da tsadarsa. VS Code ya fi su Vim ko Sublime Text cin ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma a tsohuwar kwamfuta, in ka buɗe taga uku ka cika shi da manhajojin ƙari, za ka ji nauyin. Ni dai na karɓi nauyin, domin wannan ginin ne ya sa duk wanda ya iya JavaScript zai iya rubuta masa ƙari, kuma shi ya sa tun 2021 ake iya buɗe shi a burauza ta vscode.dev ba tare da an sauke komai ba.

Ba a nan kaɗai Microsoft ya koma kan Chromium ba. A Disamban 2018 ya sanar zai jingine injin burauzarsa, a Janairun 2020 sabon Edge ya fito a kan Chromium. A matsayina na mai gina shafuka aikin gwaji ya ragu mini, amma ban yi murna duka ba, domin manyan injunan burauza sun koma uku kacal: Blink, WebKit da Gecko na Firefox. Wannan wata magana ce ta daban.

Abin da ya fi komai daraja a wurina a tarihin VS Code shi ne wata ƙa'ida da yawancin masu amfani da shi ba su ma san sunanta ba, LSP, wato Language Server Protocol. A da, in kana so manhajar rubuta kod ta fahimci wani harshe, ta cika maka kalma, ta ja layi ƙarƙashin kuskure, ta kai ka inda aka fara bayyana wani suna, sai an rubuta wannan fahimta daban don kowace manhaja da kowane harshe. A ɗauka manhajoji 10 ne, harsuna 20: aiki 200 ke nan, kuma ƙananan manhajoji su ke kwana a ciki, don babu mai lokacinsu. A 2016 Microsoft tare da Red Hat da Codenvy suka fitar da ƙa'idar a fili. Masu kowane harshe su rubuta fahimtar sau ɗaya a wata manhaja mai zaman kanta, kowace manhajar rubutu kuma ta koyi yadda ake yi mata tambaya sau ɗaya. Aiki 200 ya koma 30.

Su wa suka ci riba? Har da kishiyoyin VS Code. Neovim ya saka LSP a jikinsa a 2021, Emacs 29 ya zo da Eglot a 2023. Ina da abokin aiki da ya rantse ba zai bar Neovim ba, amma gopls ɗin da ke taimaka masa a harshen Go shi ne dai wanda ke aiki a VS Code ɗina, haka ma rust-analyzer. Dalilin da ya sa nake girmama wannan kyauta shi ne ba a iya karɓe ta. Ko gobe Microsoft ya ce ya fasa, ƙa'idar tana rubuce, ɗimbin ayyuka sun ginu a kanta. Da wannan ma'auni nake auna duk wani haɗin kai tsakanin kamfani da buɗaɗɗen aiki: in kamfanin ya tattara ya tafi, me zai rage a hannun mutane?

To, da wannan ma'aunin ne na auna sauran, kuma a nan ne maganar ƙanina ta gaza.

Kod ɗin da ke GitHub a buɗe yake, gaskiya ne. Amma abin da kake saukewa daga shafin VS Code ba ƙarƙashin MIT yake ba, lasisin Microsoft ne a kansa. Kamfanin yana ɗaukar buɗaɗɗen kod ɗin, ya ƙara suna da tambari, da adireshin kasuwar manhajojin ƙari, da tsarin aika bayanan yadda ake amfani da shi, sannan ya rarraba. Aika bayanan a kunne yake zuwa. Ana iya kashe shi, ka nemi telemetry.telemetryLevel a saituna ka mai da shi off, kuma shi ne abu na farko da nake yi a kowace sabuwar kwamfuta. A ganina kamata ya yi a tambayi mutum kafin a kunna. Ka kuma sani cewa wasu manhajojin ƙari suna da nasu tsarin tattara bayanai daban.

Kasuwar ce babbar ƙofa. Ƙarfin VS Code a manhajojin ƙari yake, dubbai, yawancinsu mutane ne suka rubuta kyauta. Amma sharuɗɗan Visual Studio Marketplace sun ce a kayan Microsoft kaɗai za a yi amfani da abin da ke cikinta. Wanda ya ɗauki buɗaɗɗen kod ɗin ya gina nasa, doka ta ba shi damar hakan, sai dai kasuwar ba tasa ba ce. Sannan wasu daga cikin mafiya amfani na kamfanin kansa a rufe suke. Pylance, wanda ya zo a 2020 don harshen Python, rufaffe ne, duk da cewa a kan Pyright mai buɗaɗɗen lasisi aka gina shi. Manhajojin aiki daga nesa da suka fito a 2019, irin su Remote SSH da ke ba ka damar gyara fayil a sabar da ke wata duniya kamar a kwamfutarka yake, su ma rufaffu ne. A Afrilun 2025 kuma ƙarin C da C++ ya fara ƙin aiki a manhajojin da suka tsiro daga kod ɗin VS Code, irin su Cursor.

Don in gani da idona, na yi wata guda ina aiki da VSCodium kaɗai. Wasu 'yan sa-kai ne suke ɗaukar buɗaɗɗen kod ɗin su haɗa shi ba tare da tambari da aika bayanai ba, manhajojin ƙari kuma daga Open VSX suke zuwa, kasuwar da Gidauniyar Eclipse ke riƙe da ita. A aikin HTML, CSS da TypeScript kusan ban ji bambanci ba. ESLint da Prettier suna nan, saitunana duka sun yi aiki, yatsuna ba su sake koyon komai ba. Bambancin ya bayyana a ranakun Python da ranakun aiki a sabar nesa, inda na koma ga madadin da al'umma ta rubuta. Suna aiki, amma ba su kai na kamfanin santsi ba. Watan ya nuna mini daidai inda aka ja layi: wurin rubutun kyauta ne ga kowa, abubuwan da ke sa mutum ya kasa barin wurin su aka riƙe.

Ba na ganin wannan a matsayin yaudara. Kamfani ne, yana biyan albashin injiniyoyin da Erich Gamma ya jagoranta tun farko, kuma yana da abin sayarwa a bayan fage, Azure da GitHub, wanda ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, da Copilot, mataimakin rubuta kod na AI. Cikin adalci, sun yi aikin a bainar jama'a fiye da yadda na zata. Shekara da shekaru suna wallafa shirin aikin kowane wata a GitHub, kowa na iya karantawa ya yi gardama, kuma na sha ganin ƙorafin wani baƙo ya zama gyara a fitowa ta gaba. A 2025 ma sun buɗe kod ɗin Copilot Chat ƙarƙashin MIT. Sai dai alƙalami a hannunsu yake. Kafin a karɓi gudummawarka sai ka sa hannu a yarjejeniyarsu, kuma babu wata gidauniya mai zaman kanta da ke yanke hukunci kan alƙiblar aikin, saɓanin Node.js da Electron da ke ƙarƙashin Gidauniyar OpenJS.

Labarin Atom, wata manhajar rubuta kod, ya kamata duk mai amfani da VS Code ya riƙe. GitHub ne ya gina shi, a dalilinsa aka haifi Electron, kuma masoyansa suna da yawa. A 15 ga Disamban 2022 aka rufe aikin. Abin da ya cece shi lasisi ne: tunda a buɗe yake, wasu suka ɗauki kod ɗin suka ci gaba da shi da sunan Pulsar. In irin haka ta taɓa faruwa da VS Code, wurin rubutun zai rayu, LSP zai rayu, amma kasuwar da rufaffun manhajojin ƙari ba wanda zai iya ɗauka. Abin damuwar ya ƙaru saboda girmansa: a binciken Stack Overflow na 2023 da na 2024, sama da kashi 70 cikin 100 na magina manhajar da suka amsa sun ce suna amfani da shi.

Hukuncina ga mai gina shafukan intanet, musamman sabon shiga: VS Code ne zaɓin farko, ban san wani da ya haɗa sauƙi da ƙarfi kamarsa ba. Ni ma na koma kansa bayan watan gwajin, saboda aikin sabar nesa. Amma na dawo da wasu ɗabi'u. Kafin in saka kowane ƙari ina duba lasisinsa, in akwai buɗaɗɗe mai yin aikin, shi nake ɗauka. VSCodium yana nan a kwamfutata da saituna iri ɗaya, kuma nakan buɗe shi lokaci-lokaci in tabbatar aikina yana tafiya a cikinsa. Ƙanin nawa kuwa, da ya ce yana son rubuta ƙarinsa na farko, sharaɗi ɗaya na gindaya masa kafin in taimaka: ranar da zai wallafa shi a kasuwar Microsoft, ranar zai saka shi a Open VSX. Ya yarda, mun sa Asabar mai zuwa mu fara.