Manhajar YouVersion da Hausa: na auna ta da tambayar daga ina nasara take zuwa

Cikin manhajojin Littafi Mai Tsarki da ake sakawa a wayar hannu, wadda na fi gani a hannun matasan ikilisiyoyinmu ita ce YouVersion, wadda ikilisiyar Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ta fitar a shekarar 2008. Kyauta ake sauke ta, babu tallace-tallace a cikinta, kuma tana ɗauke da fassarori a harsuna masu ɗimbin yawa, har da Hausa. Na ga ya fi dacewa a auna ta da aiki na gaske, saboda haka na ɗauki tambayar da take yawan tasowa a wa'azi da taron binciken Littafi Mai Tsarki, wato daga ina nasara take zuwa, na bi ta da manhajar daga Farawa har zuwa wasiƙun Bulus.

Mai karatu da Hausa zai tarar da Littafi Mai Tsarki na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya, wanda kunnuwanmu suka saba da shi a majami'a, da kuma Sabon Rai Don Kowa na Biblica, wanda Hausarsa ta fi kusa da maganar yau da kullum. Duk wanda ya tuna cewa sai a shekarar 1932 aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan doguwar wahalar da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha, zai san cewa samun fassara biyu a aljihu ba tare da biyan ko kwabo ba abin godiya ne. Ana iya ƙara girman rubutu domin masu raunin gani, a shafa wa aya launi, a rubuta bayani a kanta, a kuma jera aya ɗaya a fassarori dabam dabam domin a gwada su.

Inda manhajar ta fi yi mini amfani shi ne wurin bincike da saurin tsallakawa daga littafi zuwa littafi, domin koyarwar cewa nasara tana zuwa ne daga kasancewar Allah tare da mutum a warwatse take cikin labaran mutane da yawa, kuma sai an jera su kusa da juna ake gane nauyinta. A Farawa sura 39 kaɗai, sau huɗu aka faɗa cewa Ubangiji yana tare da Yusufu, a aya ta 2 da ta 3, sannan a ta 21 da ta 23. Da na shafa wa ayoyin nan launi ɗaya na dubi surar gaba ɗaya, sai abin ya fito fili: biyun farko an faɗe su ne lokacin da yake bawa a gidan Fotifar, biyun ƙarshe kuwa lokacin da yake kurkuku saboda ƙazafin da matar maigidansa ta yi masa. Nassin ya kira shi mai nasara tun ba shi da 'yanci, ba shi da dukiya, ba shi da dangi a kusa. Yana da shekara 17 sa'ad da labarinsa ya soma a sura 37, yana da 30 sa'ad da ya tsaya a gaban Fir'auna, kuma a cikin shekarun nan akwai biyu cur da ya ƙara a tsare domin mai shayarwar sarki ya manta da shi. Wanda ya karanta wannan da natsuwa ba zai ƙara ɗaukar matsayi ko kuɗi a matsayin ma'aunin kasancewar Allah ba, gama Allah yana tare da Yusufu a ɗakin sarƙa kamar yadda yake tare da shi a fada.

Daga nan na wuce Fitowa sura 33, wadda a ganina ita ce zuciyar batun. Bayan zunubin ɗan maraƙin zinariya, Allah ya ce wa Musa su tafi ƙasar alkawari, zai aiki mala'ika a gabansu, zai kuma kori mazaunan ƙasar, amma shi kansa ba zai tafi a tsakiyarsu ba. Wato an miƙa wa Musa dukan abin da mutane suke kira nasara, ƙasa mai albarka da cin yaƙi, sai dai babu Mai bayarwa a cikin tafiyar. Musa bai karɓa ba. Ya roƙa cewa in Allah ba zai tafi tare da su ba, kada ma ya ɗaga su daga wurin, domin babu wani abin da zai bambanta su da sauran al'umman duniya in ba wannan ba. Na daɗe a kan ayoyi 14 zuwa 16 ina gwada fassarorin biyu, kuma ina ganin ya kamata kowane mai shirin buɗe kasuwanci, ko aure, ko tafiya neman ilimi, ya zauna da wannan sura kafin ya nemi a yi masa addu'ar buɗi.

Nassi ya kuma nuna ɗaya gefen ba tare da ɓoye komai ba. A Littafin Ƙidaya sura 14 jama'a suka hau yaƙi bayan Musa ya gargaɗe su cewa Ubangiji ba ya tare da su, aka fatattake su har Horma. A Joshuwa sura 7, mutanen da suka ga faɗuwar Yariko suka gudu a gaban ƙaramin garin Ai, aka kashe musu wajen mutum 36, saboda abin da Akan ya ɓoye a alfarwarsa. A 1 Sama'ila sura 4 kuwa Isra'ilawa suka ɗauko akwatin alkawari zuwa fagen fama suna zaton zai tilasta wa Allah ya ba su nasara, sai Filistiyawa suka kashe sojojin ƙasa 30,000 suka kuma ƙwace akwatin. Wannan labari na ƙarshe ya taɓa ni ƙwarai, domin yana tsawata wa halin mai da abubuwa masu tsarki kamar laya, halin da bai ƙare a zamanin Eli, firist na wancan lokaci, ba. Dawuda ya yi nasara a dukan al'amuransa domin Ubangiji yana tare da shi, in ji 1 Sama'ila 18:14, kuma a surar nan ce aka ce Saul yana tsoronsa domin Ubangiji ya rabu da Saul.

A nan ne zan faɗi abin da nake ganin rauni ne a tsarin manhajar. Kowace rana tana fito da aya guda, ana kuma iya ɗora ta a kan hoto mai kyau a tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp ko Facebook. Niyyar mai kyau ce, na kuma san mutanen da ayar safiya ta ƙarfafa su a ranar baƙin ciki. Amma aya guda da aka cire daga surarta tana iya koyar da akasin abin da surar take faɗi, musamman a kan batun nasara. Irmiya 29:11, wadda take maganar shirin alheri da bege, an rubuta ta ne ga mutanen da aka kwashe zuwa Babila, kuma ayar da take gabanta ta ce sai shekara 70 sun cika kafin a komo da su. Filibiyawa 4:13, wadda ake yawan liƙawa a kan hoton sabuwar mota ko takardar shaidar kammala karatu, Bulus ya rubuta ta yana ɗaure, bayan ya gama cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. Irmiya kansa an yi masa alkawari tun a sura ta 1 cewa Allah yana tare da shi, duk da haka a sura 38 aka jefa shi cikin rijiya mai laka. Manhajar tana ba da hanyar buɗe dukan surar daga ayar ranar, kuma shawarata ga kowa ita ce kada ya tura aya sai ya karanta abin da yake gabanta da bayanta.

Haka nan tana ƙirga kwanakin da mutum ya jera yana buɗe ta. Wannan yana taimaka wa mai son kafa al'adar karatu, amma ina roƙon matasa kada su ɗauki yawan kwanakin a matsayin shaidar zumunci da Allah, gama Yahaya sura 15 tana maganar zama cikin Almasihu kamar reshe a jikin kurangar inabi, inda ya ce in ban da shi ba za mu iya yin kome ba.

Sabon Alkawari ya ɗaure batun a wuri ɗaya, kuma da manhajar cikin daƙiƙa kaɗan mutum zai ga haka. Matiyu ya buɗe da sunan Immanuwel, wato Allah tare da mu, a 1:23, ya kuma rufe a 28:20 da alkawarin Yesu cewa yana tare da almajiransa kullum har matuƙar zamani. A 2 Timoti 4:16 da 17 Bulus ya ce kowa ya yashe shi a ranar da ya fara kāre kansa a gaban shari'a, amma Ubangiji ya tsaya tare da shi ya ƙarfafa shi domin a yi shelar bishara sosai.

Ina ba fastoci, da malaman makarantar Lahadi, da shugabannin zumuntar mata da ta matasa shawarar su saka manhajar, su kuma taimaka wa dattawa wajen zaɓen Hausa da ƙara girman rubutu, domin matakin farko ne yake yi wa da yawansu wuya. Abin da ya rage shi ne tsare-tsaren karatu na kwana-kwana, waɗanda mafi yawansu da Turanci suke, alhali dubban masu sujada a ikilisiyoyin ECWA, da COCIN, da EYN, da HEKAN, da ikilisiyoyin Jamhuriyar Nijar da Hausa suke karatu da addu'a. Ina fata malaman tauhidinmu na Jos da Bukuru da Kagoro za su rubuta irin waɗannan tsare-tsare da Hausa, su kuma fara da wanda zai bi da mai karatu daga Farawa 39 zuwa Fitowa 33, sura ɗaya cikakkiya kowace rana.