Gargaɗi: fam 650 na biya a kan tsohon ƙarfe da aka shafa wa fenti

Jama'a, ba na son rubuta wannan abu, amma in na yi shiru wani zai faɗa inda na faɗa. Fam 650. Ni da na ɗauki kaina masanin mota, ni aka yi wa sakiyar da ba ruwa.

Waɗanda suka san ni a nan Birmingham sun san ina da tsohuwar mota MGB, ta kamfanin MG, ƙirar 1966, wadda na shekara uku ina lallaɓawa a gareji. Kan injinta ne ya tsage, abin da makanikanmu na gida ke kira top. Wannan ciwo ne sananne a irin wannan inji, tsakanin silinda ta 2 da ta 3 yake tsagewa, don nan zafi ke taruwa, su biyun hanya ɗaya suke fitar da hayaƙi. Sai ga wani a dandalin masu tsofaffin motoci na Facebook ya ce yana da na asali, sabo dal, ba a taɓa ɗora shi a mota ba. Wai mahaifinsa ya yi aiki a shagon kayan MG, bayan rasuwarsa aka tsinto shi a saman ɗaki. An rufe masana'antar MG ta garin Abingdon tun 1980, to ina za ka sake ganin irinsa?

Kada wani ya ce ban duba ba. Wallahi na duba. Da hannuna na ɗaga shi, na juya shi, na karanta lambar da ke jikinsa, 12H1326, daidai da ta motata. Fentin ja mai duhu, irin na injinan MG na wancan zamani. An naɗe shi da takarda mai maiƙo, ta tsufa ta yi ruwan ƙasa, ga giris lumtsum a fuskarsa. Mutumin dattijo ne, furfura fal, yana magana a hankali. Har cewa ya yi, «Kada ka yi gaggawa, duba da kyau.» Wannan maganar ce ke hana ni barci. Duba da kyau! A filin ajiye motoci na wani kanti, bayan magariba, da fitilar waya. Shi ya zaɓi wurin, shi ya zaɓi lokacin, ni kuma ban ga komai a ciki ba.

Af, kafin nan ma na riga na tura masa fam 200 ta banki, wai akwai wani daga Jamus da ke jira. Ranar Talata ke nan, ko Laraba. Ragowar 450 a hannu na ƙirga masa, ya ƙi ba da rasit, ya ce ai ba shago ba ne. Ashe fam 650 ke nan cif.

Uwargida ta ce, «Baban yara, kuɗin tikitin zuwa gida ka kai wa ƙarfe?» Na ce ke ba ki san darajar abin ba. Yanzu ko ido ba na iya haɗawa da ita in an zo maganar.

Da na kai wa mai gyaran inji, minti biyar bai yi ba. Ya goge giris ɗin da tsumma ya kira ni. Mazaunin bawul na hayaƙi an sa musu zobe mai tauri, aikin da ake yi wa tsofaffin injina don su sha fetur marar darma, wanda sai a 2000 aka daina sayar da mai darmar a Ingila. To yaya kan da ke kwance a saman ɗaki tun shekarun 1960 ya sami wannan? Ya zura yatsa a hanyar ruwa, ya fito da tsatsa da ɓawon tsohon ruwan lagireto. Ya auna kaurinsa, an riga an kankare fuskar. Da ya toshe ramukan ya hura masa iska a cikin ruwa, sai ga kumfa tana tashi tsakanin ta 2 da ta 3, daidai inda nawa ya tsage. An yi walda, an goge, an bi da fenti. Na biya fam 650 na sayo cutar da nake gudu.

Lambar fa gaskiya ce, shi ya sa nake cewa ba wauta na yi ba. Kan MG ne na asali, sai dai ya ci hanya ya ƙoshi. Kowa ya ga takardar nan da furfurar nan zai yarda. Na kira dattijon sau 14 a ranar, waya a kashe, shafinsa ya ɓace. Ba ma a ranar ba, tun daren da muka rabu ya toshe ni, sai daga baya na lura.

Ina da hotunan hirarmu duka, da shaidar tura fam 200, da hoton kumfar. Zan ɗora su in na rufe lambobin asusuna. Na kai ƙara wurin 'yan sanda da banki, an ba ni lamba an ce in jira.

Kada ku ba da kafin alƙalami, kada ku duba kaya da dare, ku goge giris, a gwada da iska kafin kuɗi su bar aljihu. In kun ga an sake tallar wani da labarin mahaifi da saman ɗaki, ku yi mini magana, ina nemansa.