Keken tsere na gwanjo a kan titunan Jos

Abokan hawana duk sun watse hutun ƙarshen shekara, wasu Bauci wasu Kano, ga kuma tafiyar keke daga Jos zuwa Abuja da za mu yi don tara wa yara masu ciwon sikila kuɗin magani tana ƙaratowa. Tafiya ce ta fiye da kilomita 250, ba ta son wasa. Shi ya sa na yi atisaye ni kaɗai, a kan keken tsere na gwanjo da na saya wurin wani mai shigo da su.

Keken mara nauyi ne, jikinsa na alminiyam, giyarsa ta kamfanin Shimano. A kan kwalta mai kyau ba ni da abin cewa sai yabo. Daga Terminus zuwa Bukuru, in wuce Mararrabar Jama'a in nufi Riyom, feda kaɗan sai ka ga yana tafiya kamar ana tura shi. Giyar tana shiga lami lafiya duk da shekarunta.

Matsalar tana ƙafafunsa. Tayoyin siraran nan ne masu faɗin milimita 25, an yi su don titunan da ba su san rami ba. Nan kuwa in tirela ta matse ka ka sauka gefen hanya, tsakuwa da fasassun kwalabe ne ke jiranka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bawul, wato bakin da ake hura wa taya iska ta cikinsa. Irin siririn nan ne da ake kira Presta, bakin famfon masu faci na bakin hanya ba ya kama shi, domin nasu na mota ne da babur. Wani dattijo mai faci kusa da Riyom ya juya tayar, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan sai dai ka koma inda ka sayo ta." Idan kuna tafe a ayari wani zai ara maka famfo. Kai kaɗai kuwa, dole ka riƙe naka famfon, da robar cikin taya ta canji, da ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa bawul ɗin ya dace da famfon mota. Na ƙarshen nan bai kai kan yatsa girma ba, amma a Jos sai an yi cigiya.

Sai hawa. Jos tana bisa tsauni, wajen mita 1,200 sama da teku, don haka duk inda ka gangara sai ka biya bashi a dawowa. Giyar keken ta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Na leƙa Hawan Kibo don gwada birki, birkin ya riƙe, amma a hawowa gwiwoyina sun gaya mini gaskiya. Na sa bakanike ya canza giyar baya zuwa mai haƙora 32 don sauƙin hawa, numfashi ya dawo.

Ƙurar hunturu kuma tana cin sarƙa. Kada a yarda a shafa mata baƙin mai, ƙura yake tarawa. A goge ta da tsumma a ɗiga mai mara kauri. Sirdin ya yi tauri, amma da wando mai soso ana jurewa, ni dai nakan ɗora dogon wando a kai saboda idon unguwa da sanyin asuba.

Zan sake sayensa, sai dai ranar farko zan sa masa taya mai milimita 28, in jikin ya ɗauka ma 32, kafin in bar shagon.